Dami na Goma

A masallacin unguwarmu a Kano, ni ne mai riƙe da littafin sunaye. Idan azumi ya raba tsakiya, 'yan kasuwar da ke salla tare da mu sukan kawo zakkarsu, mu ƙulla ta a ambulan, mu kira mutane ɗaya bayan ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, littafin bai taɓa raguwa ba. Ba mu taɓa soke suna ba sai idan mai shi ya riga mu gidan gaskiya. Akwai dattijuwar da na rubuta a shafin farko. Yau 'yarta ce ke zuwa, da goyo a bayanta. Duk ranar da na miƙa mata ambulan nakan ji a raina cewa mu mun sauke farali, amma ita ba mu sauke mata kayan da ke kanta ba.

Da wannan nauyi na amsa kiran wani tsohon abokina, malamin makaranta a Jega, wanda ya daɗe yana cewa in zo in ga kaka a ƙasar Kebbi. Na tashi a farkon Disamba, hunturu ya fara kankama, na kwana a Sakkwato. Da sassafe na shiga mota, muka bi ta Bodinga, Shagari da Tambuwal, ƙura tana lulluɓe da bishiyoyi, gonakin dawa suna jiran wuƙa.

Hanci ne ke riga ido sanar da baƙo ya iso Aliero, domin tun kafin mota ta tsaya ƙanshin albasa ya cika ta. Garin ya yi suna da masu ɗori, waɗanda ake kawo wa karaya daga nesa. Ya yi suna da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, zamanin mulkin ɗan garin, Muhammadu Adamu Aliero, wadda yanzu take ɗauke da sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Amma uwa ma ba da mama ita ce albasa. Daga nan manyan motoci ke lodi zuwa Legas, Anaca da Fatakwal, wasu har su tsallake iyaka zuwa Gana.

Abokina ya tarye ni a bakin titi, ya wuce da ni lambun wani dattijo da suka saba. An gama dashe, fangali bayan fangali kore shar, injin ban-ruwa yana ta ruri. Can gefe kuma ga rudu a jere, ɗakunan kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa domin iska ta riƙa ratsa albasa. Dattijon ya yi mini bayani cewa wajen watan Maris, idan kowa ya cire, albasa takan cika kasuwa, buhu ya faɗi warwas. Wanda ya iya daurewa ya zuba a rudu, ko da wata ta ruɓe, farashin ƙarshen shekara zai share masa hawaye. Wanda yunwa ko bashi ya matsa wa kuwa, dole ya sayar ranar da kowa ke sayarwa.

"Noman albasa ba shi da wuya, Malam," in ji shi. "Jiranta ad da wuya."

Na tambaye shi yadda yake fitar da zakka. Ya nuna limamin unguwarsu da ke zaune tare da mu a inuwa, ya ce a fara jin ta bakin littafi. Liman ya gyara zama. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda muka gada a zaure ta hanyar Risala da Mukhtasar, zakkar gona tana kan abin da ake ajiyewa a ci: gero, dawa, shinkafa, alkama, wake, riɗi, dabino da makamantansu. Kayan lambu irin su albasa, tumatir da tattasai ba su da zakka a kansu. Sai dai kuɗin da aka samu, idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo yana hannu, a fitar da ɗaya cikin arba'in. Dillalin da ya saya ya zuba a rudu yana jiran farashi kuwa, ranar da ya sayar zai fitar. Ya ƙara da cewa Imamu Abu Hanifa ya ga wajabcin zakka a kan duk abin da aka noma don amfani, kuma Alƙali Ibnul Arabi na Andalus, duk da kasancewarsa Bamalike, ya rinjayar da wannan ra'ayi a littafinsa Ahkamul Ƙur'an, domin ya fi kare haƙƙin talaka.

Dattijon ya saurara har aka kai aya, sannan ya ce: "Allah shi gafarta Malam, littafi bai aza min ba, na ji. Amma ga maƙwabcina da geronai dame ɗari, shi fid da goma. Ni in sai da mota guda ta albasa, in ce talaka ba shi da komi gare ni? Ai ido da kunya."

Abin da yake yi shi ne, kowace shekara yakan ɗauki ɗaya daga cikin yaran da ke masa ƙwadago, wanda ya ga hannunsa ya faɗa. Ya yanka masa 'yan fangula, ya ba shi iri da taki, ya ware masa ranar shan ruwa a injinsa. Abin da ya fi burge ni, yakan ba shi wuri a cikin rudu da abin da zai ci har farashi ya tashi, don kada ya sayar da guminsa a ranar arha. Ya ɗaga hannu ya kira wani magidanci da ke jan tiyo a lambun gaba. Da, in ji shi, duk rani kudu yake tafiya neman na abinci. Yanzu injin da ke ruri a can nasa ne, kuma bara shi ma ya ba wani yaro iri.

"Ko zakka ta, ko sadaka, wanga aikin malamai na," in ji dattijon. "Ni dai na san bai ƙara miƙa ma kowa hannu ba."

Da la'asar muka shiga Jega, garin da hanyoyi suka haɗu a cikinsa: ta Sakkwato, ta Birnin Kebbi, da wadda ta nufi Koko da Yawuri har Kwantagora. A gefensa Gulbin Zamfara ke tafiya a natse zuwa inda zai haɗu da Gulbin Kabi, fadamarsa shimfiɗe da shinkafa. Gimbanawa ne suka kafa garin, wato jama'ar Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, wanda harin da Gobirawa suka kai wa garinsa Gimbana a ƙarshen 1803 ya kasance cikin dalilan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega wajen 1820 a ƙarƙashin Gwandu, kuma har yau sarautar garin ita ce Sarkin Kabin Jega. Kafin ƙarnin ya ƙare, kasuwarta ta shiga sahun manyan kasuwannin daular, fataken goro masu zuwa Gwanja suna yada zango a cikinta. Ni Bakano da na ratsa rumfunan hatsi, kifi busasshe da dabbobi, sai na ji kamar ban bar gida ba.

A wannan ƙasa, maganar abin da ya halatta a karɓa daga dukiyar mutum da inda ya kamata a kai shi ba baƙuwa ba ce. Shehu ya soki harajin da shari'a ba ta aza ba a Kitabul Farƙi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a nasihar da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sa raya sana'o'i da kasuwanni cikin nauyin da ke wuyan shugaba. Wato tun farko ba ciyarwa kaɗai aka sa a gaba ba, har da tsayar da mutum a kan ƙafarsa.

Wannan na gani a wurin wani Alhaji mai sayar da hatsi, wanda muka yi hira da shi a rumfarsa bayan magariba. Shi ba ya jiran azumi. Watan Muharram ne shekarar jarinsa ke cika, kuma a ranar yakan rufe rumfa rabin yini. Ya ƙiyasta kayan da ke ƙasa a farashin ranar, ya haɗa da kuɗin da ke hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, sannan ya ware ɗaya cikin arba'in.

"Da can watsawa nikai kamar mai ba kaji tsaba," in ji shi. "Ƙofar gida ta cika, a yi ta addu'a, bayan kwana uku babu ko ɗaya da abin yar rage gare shi."

Yanzu gida biyar ko shida yake zaɓa, ya ba su da kauri. Ya ce malaminsa ne ya buɗe masa ido: Malikiyya sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda a lokaci ɗaya, ko da ya haura nisabi, Shafi'iyya irin su Imamu Nawawi kuma sun ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. A garin shinkafa, sana'ar da ta fi kusa da matar da mijinta ya rasu ita ce turara shanshera, a shanya, a kai inji, a sayar. Sai ya saya mata babbar tukunya da 'yan buhuna na farawa. Sharaɗi biyu ya gindaya wa kansa: ba rance ba ne, kuma ba ya ce mata lallai a rumfarsa za ta riƙa saye, don kada zakkarsa ta zagayo ta dawo aljihunsa.

Washegari matarsa ta yi mana iso a ɗaya daga cikin gidajen. Muka tsaya a zaure, tururin shinkafa yana fitowa ta saman katanga, an baza wata a tabarmi tana shan rana. Uwar gidan ta gaishe mu daga bayan ƙofa.

"Sannunku da zuwa, Malam. Alhaji ya ba ni tukunya, tukunya ta ba ni tuwo. Bana ɗiyana biyu na makaranta."

Alhajin ya kuma tuna mini da ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shafe fadamun shinkafar Kebbi ana dab da girbi. Manoman da suka saba fitar da zakka suka wayi gari ba amfani, ga bashin taki da iri a wuya. A shekarar da ta biyo baya, kusan duk zakkarsa biyan bashi ta tafi, domin masu bashi suna cikin rukuni takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Dalilinsa ya zauna mini: manomin da ruwa ya cinye, idan aka ɗaga shi bana, baɗi shi ne zai ba wani, idan aka bar shi ya sayar da gona, an ƙara suna a littafin masu karɓa har abada.

Rana ta huɗu muka nufi kudu, zuwa ƙasar Maiyama, wani ƙauye inda abokina yake da surukai. Mun tarar ana yankan dawa. An ɗaure dammuna an tara a tsakar gona, yara suna ɗauka suna ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, har tara, duk wuri guda ake jibgewa. Na goma kuwa sai a ɗauke shi a kai gindin wata bishiya, a dawo a sake farawa daga ɗaya. Ba a duba wanda ya fi rama a ce shi ne na zakka; wanda hannu ya faɗa a kai shi ne. Maigidan, tsoho mai farin gemu, yana tsaye da sanda yana kallo. Da na matsa kusa da tarin da ke gindin bishiyar, sai ya ce:

"Wanga ba nau na ba, ɗana. Ajiya ta anka ba ni cikin gona."

Ba dami ɗaya da ke shiga rumbu sai an gama fitar da na goma. Ayar Suratul An'am da ta yi umarnin ba da haƙƙin amfani ranar girbinsa, a nan ba a wa'azi na ji ta ba, a bakin yara masu ƙirga na gan ta. Tsohon ya san lissafinsa sarai. Nisabin hatsi wasaƙi biyar ne, sa'i 300, wato mudun Nabi 1,200, kimanin kilo 650, kuma gero daban, dawa daban, shinkafa daban. Abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin goma. Abin da aka sha wahalar ban-ruwa, kamar shinkafar rani, ɗaya cikin ashirin. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, in ji shi, duk mai kunna inji a fadama ya gane rahamar da ke cikin wannan rangwame.

Na ɗauka da yamma za a raba komai a watse. Sai na ga an ɗora dammunan a amalanke an nufi wani rumbu da ke kusa da gidan liman. A nan liman, mai unguwa da dattawa biyu suka zauna. Ba su da littafi irin nawa, amma sun san kowane gida: wadda ke riƙon marayu, wanda ciwo ya kwantar da damina, wanda gonarsa ba ta yi ba. Zakkar ba ta barin ƙauyen, kamar yadda mazhaba ta fi so a raba ta inda ta wajaba. Aka kira kowa aka faɗa masa rabonsa, ya zama nasa. Daga nan, da yardarsa, sai ya ɗauki wani ya kai gida, ya bar wani a rumbun a matsayin ajiya, ba za a buɗe masa ba sai ruwa ya zauna an shiga noma.

Na tambayi liman hikimar haka. Ya ce da kaka ba mai kwana da yunwa. Hatsi ya yi arha, ga kala, ga kyautar dangi. Duk abin da aka ba talaka a lokacin, rabinsa kasuwa zai tafi a farashin banza. Yunwa tana zuwa ne a Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba. A daidai wannan lokaci gona ke neman mai ita. Wanda ba shi da abin kai wa baki dole ya bar tasa ya tafi ƙwadago a ta wani, ciyawa ta cinye masa shuka. Ko kuma ya ci bashin hatsi da alkawarin biyan fiye da haka da kaka. Ko ta wace hanya ya bi, tun kafin ya girbe ya riga ya ci baɗi.

"In munka buɗe mai rumbu cikin marka," in ji liman, "ba tuwo kaɗai munka ba shi ba. Kwanaki munka ba shi, shi tsaya gonatai."

Na daɗe ban ce komai ba. A Aliero an ce mini jira ne mai wuya. A nan na ga yadda ake saya wa talaka ikon jira. Shi talauci, ashe, ba rashin abu kaɗai ba ne. Rashin iko ne a kan lokaci: ka sayar ranar arha, ka saya ranar tsada, ka yi wa wani aiki ranar da gonarka ke kiranka. Ko makiyayin da ke mashekari kusa da ƙauyen ya fahimci wannan. Awakinsa sun haura arba'in, akuya ɗaya ta wajaba a kansa, sai ya zaɓi mace mai ƙuruciya ya aika wa wata mai takaba, da saƙon kada ta yanka, ta bari ta haihu.

Ba zan ce na ga ƙasar da talauci ya ƙaura ba. Na ga almajirai da ƙoƙo a tashar Jega, na ga katangun da damina ta rusa ba a tayar ba. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2022 sun ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci mai fuskoki da yawa a Najeriya, kuma kaso mafi tsoka a Arewa yake. Dami na goma ba zai gina asibiti ba, ba zai shimfiɗa titi ba. Wannan nauyin hukuma ne. Kuma zakkar zaure tana da iyakarta: ba ta kai ga manyan dukiyoyi, masu injinan casar shinkafa da masu jerin manyan motoci, sai wanda Allah ya taɓa zuciyarsa.

Nan ne amfanin tsari yake. Zamfara ta kafa hukumar zakka da waƙafi bayan ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, Sakkwato ta ɗaga kwamitinta zuwa cikakkiyar hukuma a 2016, masarautar Dutse kuma ta yi suna wajen tara zakkar hatsi ta hannun hakimai da dagatai. A Malesiya tun 1991 aka buɗe cibiyar karɓar zakka ta zamani a Kuala Lumpur. Ofis yana kawo rubutu, bincike da isa inda liman ba zai isa ba. Amma ina roƙon duk mai zama a irin wannan kujera ya zo Maiyama da kaka, ya ga abin da takarda ba ta ɗauka: sanin mai karɓa, sanin sana'ar da hannunsa ya iya, da sanin watan da wuya ke kama shi. Masana na kiran abin da ake nema ci gaba mai ɗorewa. Mutanen nan ba su faɗi kalmar ba ko sau ɗaya, amma sun nuna mini ita a rudu, a tukunya da a rumbu.

Ranar da zan tafi, tsohon ya raka ni har bakin hanya. Ya karyo zangarniyar dawa daga nasa tarin, ba daga na gindin bishiya ba, ya sa mini a hannu.

"Ka gai da mutanen Kano. Allah shi kai ka lafiya."

Tana nan a kan teburina, kusa da littafin sunaye. Da na dawo na zauna da 'yan kwamitinmu, na ba su labari, muka yi ta muhawara har isha. Tsofaffi da marasa lafiya za su ci gaba da karɓar ambulan ɗinsu, domin haƙƙinsu ne. Amma mun amince bana za mu ware gida huɗu mu ba su da kauri, kuma kafin mu ba kowa sai mun je mun zauna a zaurensa mun ji abin da ya iya da watan da ya fi jin jiki. Gidan farko da na je shi ne na 'yar dattijuwar nan mai goyo. Ashe ta iya ɗinki tun tana budurwa, keke ne ba ta da shi. Shekara da shekaru tana zuwa gabana, ban taɓa tambayarta ba.

A daren na ɗauki biro na ja sabon layi a gefen kowane shafi na littafin. A samansa na rubuta: ranar fita.